Facin Baba Tecla

Tecla Marciniuk ba ta taɓa buga ƙwallo ba, kuma in ka tambaye ta mece ce satar gida sai ta ce ka je ka tambayi marasa aikin yi. Amma tun ina yaro babu ɗan wasan da ya shiga fili da sunan ƙungiyar Timbó sai da rigar da ta bi ta hannunta. Ita ke wankewa, ita ke gogewa, ita ke ɗinke inda ya yage, ita ta san wanda ke neman babbar riga don ya ɓoye tumbi. Ni Ivo, direban bas ɗin ƙungiyar, na yi shekaru ina jin muryarta a ƙeyata, don kujerar da ke bayan tawa tata ce, ko shugaban ƙungiya bai isa ya zauna a kanta ba.

Gadon aikin ta yi. Mahaifiyarta, Dona Eudóxia, ita ta fara wanke wa ƙungiyar kaya a bakin kogi, lokacin 'yan wasan duk leburorin injin katako ne. Da tsohuwar ta gaza, babu wanda ya zauna ya naɗa Tecla, an dai wayi gari ita ke zuwa. 'Yan wasa Baba suke ce mata, yadda jikokin mutanen Ukraniya na wajenmu ke kiran kaka, har waɗanda aka sayo daga jihar Bahia can arewa, da ba su san ta inda Ukraniyar take ba.

Gidanta yana kudu da layin dogo, a jihar Santa Catarina. Filin wasanmu yana arewa da shi, a Paraná. Jirgi ya daɗe da daina bi, ciyawa ta rufe ƙarfen. Kullum sai ta turo baronta cike da riguna ta tsallaka daga wannan jiha zuwa waccan, ko kai ba ta ɗagawa.

Mijinta Alceu ma'aikacin jirgin ne, mutumin kirki, ba ya sha, ba ya faɗa. Cutarsa ɗaya ce, cacar dabbobi, wadda ake yankar tikitinta a bayan shagon biredi, doka ta hana amma kowa na yi. Kowace dabba da lambobinta, shi kuwa Alceu da mafarki yake zaɓe. Da nasa ya ƙi ci sai ya koma bin nata.

"Tecla, me kika gani a barci yau?"

"Kai na gani kana gyara rufin kicin."

"To wace dabba ke nan?"

"Wadda ba a taɓa gani ba."

Har ya rasu rufin yana yoyo. Ta yi kukansa sosai, ta sa baƙi shekara guda, amma ko wasa ɗaya ba ta fasa zuwa ba.

A hannunta sunaye da yawa suka hau ƙirjin rigar Timbó suka sauka. Mahauci ya hau, kamfanin ƙofofi ya hau, wata shekara ma mai sayar da akwatin gawa ya hau, kuma a shekarar aka koro mu rukuni na ƙasa. Ita ke ɗinka sunan, ita ke warware shi in ciniki ya ƙare. Ba ta taɓa tambayar me mai sunan ke sayarwa ba, sai da kamfanin cacar wasanni ya zo.

Sorte da Serra sunansa. Wani saurayi mai matsattsiyar kwat ya kawo takardun, ya ce gwamnatin jihar Paraná ce da kanta ta ba su lasisi. Shugabanmu, Seu Nereu, mai masana'antar ƙofofi, wanda ya gaji da biyan albashin 'yan wasa daga aljihunsa, ya sa hannu kafin saurayin ya gama bayani. Aka kawo sababbin riguna kore, da sunan kamfanin an buga shi da fari ɓaro-ɓaro, ba ɗinki ba ne balle a warware. Aka saya wa Tecla injin wanki da na busarwa. Ta karɓi na wankin, na busarwar kuwa ta mai da shi ma'ajiyar safa, ta ce rana ba ta taɓa ƙanƙance mata riga ba.

Na tambaye ta a hanya ko abin ya dame ta.

"Ni wanki na sani," ta ce. "Amma Alceu sai ya sa takalmi ya fita kafin ya yi asara. Na yanzu suna kwance a gado suke yi."

Ba duka ne ke kwance ba. Da yake lasisin na jiha ne, manhajar ba ta buɗewa sai waya ta ga tana cikin Paraná. Saboda haka ranar wasa sai ka ga samarin kudancin gari sun tsallako layin dogo sun jeru a tsohon dandamalin tasha, kowa ya sunkuya kan wayarsa kamar masu jiran jirgi. Tecla kan ratsa ta cikinsu da baro tana cewa su ɗauke ƙafa.

Ita ma rigimar iyakar jihohin ta zo ta same ta har gida. Wata safiya tana shanya sai ga wani jami'i da jaka, mai kunya, yana ta gyara tabarau. Ya ce wani ya kai ƙara cewa ana tallar caca a wannan gida, alhali Santa Catarina ba ta ba kamfanin izini ba. Tecla ta waiwaya. Igiyarta tana fuskantar babban titi, riguna sun jeru daga bishiyar lemo har katanga, kowace da Sorte da Serra a ƙirji.

"Ɗana, wanki ne."

"Na gani, Dona Tecla. Ni ma na faɗa musu. Amma an rubuta, dole in zo."

"In na kai su can in shanya fa?"

"Can ba ruwana."

"Can kuma babu igiya."

Ta zaunar da shi, ta miƙa masa ƙoƙon chimarrão, shayinmu mai ɗaci, ya zuƙa yana ba ta haƙuri. Kafin ruwan ya huce ta bi rigunan ɗaya bayan ɗaya ta juya cikinsu waje. Ya duba ya ce shi yanzu bai ga talla ba. Ya tafi da ƙunshin pirogi, kwaɓin fulawa mai dankali a ciki. Daga baya muka ji maƙwabcinta ne ya kai ƙarar, mai goyon bayan abokiyar hamayyarmu ta kudancin layin dogo, kuma har yau in ta dafa abu tana aika masa, don ya ji kunya.

A kakar wasa ta biyu da kuɗin kamfanin, Timbó ta yi abin da ba ta taɓa yi ba, ta samu shiga gasar ƙasa. Wasanmu na farko a waje ya faɗo a wani gari can cikin jihar Minas Gerais, kuma za a nuna a talabijin. Gari ya rikice da murna. Ana cikin haka sai takarda ta zo daga hukumar ƙwallo: gwamnatin tarayya ta ce kamfanin da ba shi da lasisin tarayya ba zai yi talla a wajen jiharsa ba, duk ƙungiyar da ta sa sunansa za ta fuskanci hukunci. Jiha ta ce ba ta yarda ba, caca tun fil azal jihohi na da hannu a cikinta, ta garzaya kotu. Kamfani kuma ya kira Seu Nereu ya tuna masa cewa in sunan bai fito a talabijin ba, yarjejeniya ta mutu.

Lauyarmu 'yar ƙanwar Seu Nereu ce, Doutora Marlise, kyauta take mana aiki. Ta tara mu a ɗakin canza kaya ta yi bayani dalla-dalla, kuma abin da na fahimta shi ne babu wanda ya san komai, hukunci na iya fitowa gobe, yana iya fitowa muna cikin fili.

"A buga wasu rigunan marasa suna mana," in ji koci.

"Na tambaya," Seu Nereu ya ce. "Sai bayan wasan za su iso."

Tecla tana gefe tana haɗa safa bibbiyu. Ba ta ɗago ba ta ce, "Faci za a yi. Mai maɓallin ƙarfe irin na rigar jarirai. In an ce rufe a ɗana, in an ce buɗe a ɓalle."

Doutora Marlise ta yi tunani, sannan ta ce ita ba ta ga dokar da ta hana ba.

Matsalar ƙyalle ce. Koren da ke kantunan garinmu duk bai dace da na rigar ba, farin kuma shara-shara ne, sunan na leƙowa ta ciki. Ƙawar Tecla, Melânia, shugabar matan coci, ita ta kawo mafita. Ta zo da tsofaffin ɗamarun 'yan rawar gargajiya da aka daina sawa, farin lilin mai kauri, an yi masa surfani ja da baƙi irin na kakanninsu. Tecla ta so ta juya bayansa waje, amma bayan duk zare ne a cukurkuɗe. Ta ce ba za ta fitar da yaranta a talabijin da ƙazamin ɗinki ba, ta bar adon a waje. Matan coci suka taru a falonta da kekunan ɗinki, ana yanka ana kafa maɓalli ana gulmar limamin cocin.

Ana gobe tafiya na je ɗaukar jakunkuna, na tarar da surukinta Gilmar, mijin 'yarta Solange, yana zagaye ta. Gilmar a kantin magani yake aiki, amma a ransa shi ɗan kasuwar hannun jari ne.

"Dona Tecla, ke kina kusa da Doutora. Me take cewa? Babbar kotu za ta ba jihohi gaskiya kafin ƙarshen wata ko kuwa?"

"Me ya dame ka da shi?"

Ya nuna mata waya. Wata sabuwar manhaja ce, ba ta ƙwallo kaɗai ba. Ana sa tambaya, ko za a yi ruwa, ko wa zai ci zaɓe, ko me kotu za ta ce, sai ka sayi "e" ko ka sayi "a'a", farashin na hawa yana sauka.

"Yanzu har a kan shari'ar caca ake caca?"

"Ba caca ba ce, Dona Tecla, zuba jari ne. Shi ya sa ma jiha ba ta da ta cewa a kai. Masu ita sun ce harkar kasuwar kuɗi ce, ta tarayya ce, su ma can ba su gama sanin wace hukuma za ta riƙe ta ba."

"In ka sayi 'e' aka ce 'a'a', kuɗinka na dawowa?"

"A'a, amma..."

"Ashe surukinka Alceu mai zuba jari ne, ni ban sani ba na yi ta zagin bawan Allah."

Gilmar ya yi dariyar yaƙe. Ta ce ba ta san komai ba, ko ta sani ma ba za ta faɗa ba, ya ɗauki jakar takalma ya kai mota. Ya ɗauka, kuma na ga yana danna "e" da hannu ɗaya.

Tafiyar doguwa ce. Mun bar gari cikin sanyi, Jucélio, ɗan gabanmu mutumin Bahia, ya naɗe da bargo biyu sai hanci. Tecla ta rarraba dafaffen pinhão, ƙwayar wani itacen wajenmu, a kofuna, ta hana kowa zubar da ɓawo a ƙasa. Ba mu fita daga Paraná ba wayar Doutora Marlise ta yi ƙara. Wani alƙali ya ba da umarnin wucin gadi, suna na iya fitowa. Bas ya ɗauki tafi, Seu Nereu ya sumbaci wayarsa. Tecla ta jawo jaka kan cinyarta ta shiga ɓalle faci, ɓas, ɓas, ɓas.

Muna cin abincin rana a wani gidan mai cikin jihar São Paulo wayar ta sake ƙara. Alƙalin da ke sama da wancan ya dakatar da umarnin. Seu Nereu ya ture farantinsa. Tecla ta gama cin wakenta tsaf, ta koma mota ta mayar da facin.

"Baba," Jucélio ya leƙo daga bargo, "ki ba ni nawa in riƙe mana. In na ci ƙwallo in buɗe, in na ɓarar in rufe."

"Kai da za ka wuni a rufe."

Aka yi ta yi masa dariya har muka shiga Minas.

Ranar wasa, har aka fita motsa jiki aka dawo babu tabbas. Lauyoyin jiha sun ɗaukaka ƙara, an ce alƙali na dubawa. Seu Nereu na tsaye tsakiyar ɗaki da waya a kowane kunne, mutumin kamfani a dama, mutumin hukumar ƙwallo a hagu, yana ce wa kowannensu ya fahimta. Mataimakin alƙalin wasa ya ƙwanƙwasa ƙofa karo na biyu. Yara na tsaye da singileti suna kallon rigunan a rataye.

"Marlise, faɗi wani abu mana."

"Kawu, a yanzu dai umarnin ƙarshe ya ce a rufe. Amma minti kaɗan zai iya..."

Tecla ta fara sauke riguna tana miƙa wa masu su, da facin a ɗane.

"Seu Nereu, in mun rufe aka ce mun yi kuskure, a hutun rabin lokaci sai in cire. In mun buɗe talabijin ta ɗauka, ba ni da allurar da za ta warware wannan."

Seu Nereu ya koma kan wayoyinsa. Yara suka sa suka fita.

Abin da babu wanda ya tuna shi ne 'yan baya suna jan riga. Ba a jima da farawa ba wani ƙato ya cafki Jucélio ta ƙirji, facin ya taho a hannunsa, ya tsaya yana kallonsa kamar ya tsinci wasiƙa. Alƙalin wasa ya karɓa ya kawo bakin layi. Jucélio ya rufe ƙirji da hannu biyu ya rugo wurin Tecla, ta ɗana masa wani. Haka aka yi ta yi, faci na faɗuwa ana tsinta, Tecla na sintiri a bakin layi da maɓallai a aljihun gaba, ta fi koci motsi.

Sai ga shi mun zura ƙwallo. Jucélio ne, da ka, daga bugun kusurwa. Ya ruga wajen kyamara ya kama rigarsa zai sumbaci tambarin ƙungiya, gefe ɗaya na facin ya ɓalle ya rataya. Duk ƙasar ta ga kalmar Sorte, sa'a ke nan, sauran sunan na rufe. Seu Nereu ya dafe kai. Doutora Marlise kuwa ta ce a hankali, ita a saninta babu wanda ya yi wa sa'a rajista.

A hutun rabin lokaci babu sabon hukunci. Tecla ta jera su a benci, ba ta bari sun tuɓe ba, ta bi su da zare da allura tana kafe kusurwoyin facin a jikinsu.

"Baba, kin soke ni," in ji wani ɗan bayanmu.

"Da ka tsaya tsaye a fili kamar yadda kake tsalle a nan, da ba su wuce ka ba."

Masu gida sun farke, sun ƙara ɗaya daf da tashi. Biyu da ɗaya muka sha. A hanyar dawowa, da muka yi nisa, wayoyin yara suka fara ƙara. Ashe mai sharhin talabijin ya shafe rabin wasan yana tambayar wace irin riga ce wannan mai surfani. Kafin mu isa gida an cika ofishin ƙungiya da kira, daga garuruwan da jikokin Ukraniya suke, har da wata tsohuwa daga Curitiba da ta ce zanen irin na ƙauyen kakarta ne, tana kuka. Kowa rigar yake so, kuma da facin. Matan coci suka yi wata da watanni suna surfani, da abin da suka samu aka sake fentin coci aka sa sabon murhu a zauren taro.

Hukumar ƙwallo ta duba hoton rabin sunan ta ja mana kunne kawai. Kamfani ya yi fushi, ya yi barazana, sannan wani babban kamfani mai lasisin tarayya ya saye shi, sababbin masu shi kuma ba su ga abin da za su yi da ƙaramar ƙungiya a bakin layin dogo ba. Suka tattara suka koma wa wata babba. Babbar kotu ba ta yanke komai a wannan watan ba, wani alƙali ya nemi a ba shi lokaci ya ƙara nazari, manhajar Gilmar ta ce wannan "a'a" ke nan. Ya ce wa Solange ba asara ya yi ba, kasuwa ce ta juya. Solange ta karɓe katin bankin, ta ce in kasuwar ta juyo ya zo ya faɗa mata.

Kakar da ta biyo baya wani mai injin niƙa mate, ganyen shayinmu, ya sa sunansa a rigar. Kuɗinsa bai kai rabin na da ba, Jucélio ya tafi wata ƙungiya a Goiás inda ya ce aƙalla akwai rana, mu kuma muka dawo gasar jiha. Magoya baya suka matsa sai da aka bar siririn surfani ja da baƙi a wuyan rigar.

Gidan rediyon garinmu ya shirya muhawara kan wa ya kamata ya riƙe harkar caca, jiha ko tarayya. Aka gayyato wani ɗan majalisa da wani malamin jami'a, aka gayyato Tecla don a yi nishaɗi. Ni na kai ta. Ta sa rigar zuwa coci, ta zauna da jaka a cinya tana sauraron su suna ta kawo sashe kaza na tsarin mulki. Can mai gabatarwa ya juyo.

"Baba Tecla, ke da abin ya faɗa wa a hannu, wa kike ganin ya dace?"

"Ni ban san wanda ya dace ba," ta ce. "Dukansu kasonsu suke nema, ban ji wanda ya tambayi matan da ake kwashe wa kuɗin cefane ba. Amma duk wanda zai yanke, don Allah ya yanke kafin Alhamis. Ranar nake guga."

Ɗan majalisar ya yi dariya har da tari. Ita ba ta yi ba. Da muka fito ta ce in bi da ita ta kantin Seu Arno, sabulun gari ya ƙare, kuma yaran ƙaramin rukuni sun buga wasa cikin taɓo.